Ƙafar da Na Wurga

Likita ne ya jawo mana tango, ko da yake bai san ya yi ba. Ya auna maigidana ya ce jininsa ya hau, sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. A Doha kuwa, inda muke zaune, saboda zafin rana rabin shekara wanda ya ce zai fita yawon ƙafa ba lafiya yake nema ba. Muka gwada zagaye cikin manyan shaguna, sai ya zama ni ina sayayya shi yana zaune yana jirana. Ana haka wata abokiyar aikina a ɗakin magani, 'yar Filifin, ta ba ni labarin wani zaure a Mushairib inda ake rawar tango ranar Asabar bayan la'asar. Ta ce ma'aurata da yawa suna zuwa, kuma ba mai tilasta wa mace ta yi rawa da wanda ba mijinta ba.

Sati uku ina lallaɓa shi kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi biyu: ba mai kama hannun kowa a cikinmu sai na juna, kuma kada 'yan garinmu su ji. Yaranmu ma ce musu muke mun tafi motsa jiki, wanda dai ba ƙarya ba ce. Mukan bar gida a Al Wukair ina sanye da abaya a kan faffaɗan wando, takalman rawa a leda kamar kayan sata.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tango rawar mutum biyu ce, daga Ajantina ta fito. Namiji ne ke jagora, da ƙirjinsa yake nuna wa mace inda za ta taka, ba da baki ba. Ita kuma ta bi, yawanci da baya take tafiya. Duk masu rawa fuska ɗaya suke zagaya zauren, kamar motoci a shataletale, kuma kamar a titi, in aka yi karo direba ake tuhuma. Tunda macen ba ta ganin bayanta, duk abin da ƙafarta ta taɓa laifin namijin ne. Ranar farko aka gaya mana wannan doka.

A zauren akwai wata dattijuwa 'yar Lebanon, ta haura sittin, siririya, gashinta fari fat ba ta rina shi. Ba malama ba ce, zuwa take yi kamar kowa, amma in ta tashi har masu shan shayi sai sun ajiye kofi. Ni mace ce mai wuyar burgewa, kowa ya san ni da wannan, amma sai ga ni da girmana ina leƙen ƙafar tsohuwa. Na sayi takalmi mai tsini irin nata. Na koyi yadda take karkatar da kai, har yadda take zama a bakin kujera na ɗauka. Ranar da ta wuce ta gabana ta ce, “Habibti,” wato masoyiyata da Larabci, “kin fara iya tafiya,” ban ci abincin kirki ba don murna.

Maigidana kuwa tafiya kawai yake yi. Mutum ne da ya shekara talatin yana lissafin bututun gas, bai taɓa yin abu da gaggawa ba. Taku gajere, a natse, in kiɗa ya lafa ya tsaya, in na gabansa ya tsaya ya jira. Ba juyi, ba ado. Na sa wa rawarsa suna tafiyar masallaci. Lokacin shan shayi nakan tsokane shi da Turanci don mutane su yi dariya, har na taɓa fassara musu cewa a garinmu ana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aka yi dariya, shi ma ya yi. A haka zauren ya san shi a matsayin mai nauyin ƙafa, kuma da bakina aka san shi haka.

A bikin ƙarshen shekara aka share fili, aka roƙi dattijuwar da abokin rawarta su nuna mana. A tsakiyar kiɗan ya juya ta, ƙafarta ta tashi ta baya kamar bulala, ta dawo ta sauka ba ko ƙara. Tun daga ranar ban da wani buri sai wannan wurgin ƙafa. Na yi ta gwadawa a kicin ina riƙe da murfin firji, na kifar da kwandon shara ba sau ɗaya ba. Na ce wa maigidana ya koyi yadda ake juya mace ƙafarta ta tashi. Ya ce zauren ya yi ƙanƙanta, in bari. Na ce shi dai ya faɗi gaskiya bai iya ba.

Wata Asabar aka yi baƙi, zauren ya cika maƙil. Muna cikin zagaye na lura dattijuwar tana daf da bayana. Na gabanmu suka tsaya, maigidana ya tsaya yana jira kamar kullum. Ni kuwa na ce yau sai ta gan ni. Ba wanda ya juya ni, ba wanda ya nuna mini komai. Ni na yanke shawara, ni na wurga ƙafar, na kuma ji tsinin takalmina ya shiga wani abu.

Da na waiwaya tana zaune a ƙasa, ta riƙe ƙwaurinta, jini yana bin yatsunta. Aka kashe kiɗa. Kafin in buɗe baki maigidana ya sake ni, ya je gabanta ya durƙusa har ƙasa yadda ake yi wa manya a gida, ya ce ta yafe masa, shi ne bai duba bayan matarsa ba. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Ba wanda ya yi mamaki, ai an san shi.

Abin da na yi bayan nan ya fi wurgin muni. Na ruga na ɗauko akwatin magani, na wanke ciwon da hannuna, na naɗe shi tsaf, mutane suna cewa Allah ya sa akwai ma'aikaciyar asibiti a wurin. Na karɓi yabon. Muka kai ta asibiti aka yi mata ɗinki. Kashegari mai kula da zauren ya bugo wa maigidana, cikin ladabi ya ce zai fi kyau ya koma ƙaramin ɗaki wajen sababbin shiga na ɗan lokaci. Ina jin sa daga kicin yana cewa ba komai, khalas, wato shi ke nan, haka za a yi. Ni na ɗebo da zafi, bakinsa ne ya ƙone.

Tunda ba na rawa da kowa sai shi, kuma ban bi shi can ba, sai na koma 'yar kallo a babban zaure. Ita ma dattijuwar an hana ta tashi sai ɗinki ya warke. Kujerunmu suka zama kusa da juna. Abin da na shekara ina nema ke nan, ga shi na samu: ni da ita, muna hira, tana raba mini dabino daga jakarta, tana nuna mini wanda ya iya da wanda yake fama. A nan na lura duk wanda ta yaba, ƙafarsa a ƙasa take. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaga ƙafa in akwai mutane a fili ba, wancan na ranar biki ne kawai. Shekara guda ina kallonta ban ga wannan ba. Kowace Asabar nakan shigo da niyyar faɗa mata gaskiya, sai ta yi mini murmushi ta jawo mini kujera, in ce sai sati mai zuwa. A gida kuwa maigidana bai tayar da zancen ba ko sau ɗaya, ni ma na laɓe a bayan shirunsa.

Asabar ta huɗu na tashi ɗebo ruwa, na bi ta ƙofar ƙaramin ɗakin, ƙofar gilashi ce. Na gan shi a layi tare da samari da 'yan matan da ya isa ya haife su, shi kaɗai ba abokiyar rawa saboda sharaɗin da ya gindaya mana. Ya ɗaga hannuwa ya rungumi iska, yana takawa a hankali, mai koyar da su yana tafa hannu yana cewa yalla, wato mu je. Furfurarsa ta jiƙe da gumi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban ɗebo ruwan ba. Na koma na tsaya gaban dattijuwar na ce mata ni ce na wurga ƙafar da gangan, don ta gani, mijina tsaye yake bai motsa ba.

“Na sani,” ta ce. “Shekara arba'in ina rawa, na san ƙafar da aka juya da wadda aka jefa. Amma mutum ya durƙusa a gabana ya ɗauki laifi, ba ni zan ƙaryata shi a bainar jama'a ba. Ni ƙafata ta warke, habibti. Ba ni ya kamata ki gaya wa ba.”

Na je na gaya wa mai kula da zauren, ya saurara bai dube ni sosai ba. Saura mutum ɗaya. Muka shiga mota, muka fita daga Mushairib ana kiran magariba, na bari sai da muka hau babban titi don kada ya sami damar kallona.

“Yallaɓai, ranar nan ba laifinka ba ne. Ni na yi.”

“Hajiya, ai hannuna yana bayanki. Na ji lokacin da kika yi niyya.”

“To me ya sa duk kwanakin nan ba ka ce mini komai ba?”

Ya kunna sigina, ya bar wata babbar mota ta wuce, sannan ya koma hannunsa.

“Na ɗauka kashegari za ki faɗa,” ya ce.

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, da ma faɗan ya yi.