Baba Baffa, Lauyan 'Yan Haya

Da hantsin ranar Talata, 12 ga watan Agusta, ina cikin aji ɗanka Abdulƙahhar ya bugo mini waya cewa Allah Ya yi maka rasuwa a gidanka na Rijiyar Lemo, bayan jinyar da ka sha tun azumi. Alhaji Baffa, tsohon lauya, wanda mu 'yan haya na Sabon Gari muke kira Baba, yau kai ne ake ce wa marigayi.

Ni Biriskila, malamar firamare, 'yar Wusasa, ba dangin iya ba na baba tsakanina da kai. Ruwa ne ya haɗa mu. A daminar da gidan hayarmu ya rufta, ka zo jaje ka tarar da ni da 'ya'yana a barandar coci, mun tasa jiƙaƙƙun katifu a gaba. Ba ka tambayi addinina ba, yaran kawai ka tambaya ko sun ci abinci. Kafin la'asar ka kwashe mu zuwa ɗakin zaurenka, Inna mai ɗakinka ta ɗauko zannuwanta ta ba ni.

Da tallafi ya zo, siminti da kwanon rufi, mai gidan hayar aka ba, tunda gini nasa ne. Ya gyara, ya zuba sababbin mutane. Mu da muka kwana a waje ba mu samu ko ƙusa ba. Wannan abu ya tsaya maka a rai. Ka ce muddin babu dokar jiha da za ta tilasta a tsugunar da duk wanda bala'i ya raba da makwancinsa, ɗan haya ko mai gida, haka za a yi ta yi.

Ka tsara ƙudurin dokar da kanka. Ka bi unguwar Kwaciri da lungunan Sabon Gari a ƙafa, da ciwon gwiwarka, kana fahimtar da mutane. Ambrose kafinta, maƙwabcinmu, shi ke yi maka tafinta wurin tsofaffin da Hausarsu ba ta nuna ba. Wani ɗan majalisa ya rungumi maganar, muka yi murna har da dafa shinkafa. Zaɓe ya zo ya faɗi. Wanda ya gaje shi ya ce a dawo bayan Sallah, Sallah ta bi Sallah. Ambrose, da shi ma ruwan ya raba da makwancinsa, ya gaji da kwana a shago, ya tattara iyalinsa ya bar garin da aka haife shi. Taron da a da yake cika zaurenka ya koma ni da kai da Inna.

Zuwana na ƙarshe asibiti, na ce maka za mu ci gaba da neman dokar. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Biriskila, kada ki yi mini alkawarin da ya fi ƙarfinki. Ki dai kula da yaran."

Gaskiya ka faɗa, Baba. Ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, kuma ban ga mai buɗewa ba. Bangon ɗakin da nake haya yanzu ya fara tsagewa, in hadari ya haɗu sai in fito da yara tsakar gida.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Abdulƙahhar da ƙannensa, da jama'ar Fagge baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka rage a ƙarƙashin tsofaffin rufi, Allah Ya fitar da mu wannan damina.