Rumfar Habboba da Taurarin Soja

Ni na zo na ɗaya, jama'a! A musabaƙar kimiyya ta 'yan sanawiyya, wato sakandare, a Sinja! Yanzu ina jami'a, amma wallahi ranar nan ba za ta fita kaina ba har abada.

Wanda ya ci, shi za a kai Hartum ya wakilci wilaya, wato jiharmu. Ni ko Sinnar ce iyakata a duniya. Anka yi ƙuri'a, kowa ya ja takardar batun da zai yi bayani a kai. Wani ya samu sauro, wata ruwan sha. Ni? Taurarin ɗan adam na soja, waɗanda ake gwadawa don tare sarukh, wato makami mai linzami. Na ce halas, an gama da ni.

Kwana huɗu ina latsa waya, ina haddace Larabcin da ban gane ko kalma ba. Lokacin dawa ta nuna, tsuntsaye sun addabi hawasharmu, gonar da muke nomawa. Habboba, kakata, tana kan rumfar gadi guda, kawuna kan ɗayar can ƙarshen gona, Baba a ƙasa da majajjawa. Ni ina gindin rumfa ina gunguni.

"Angona, mi kake karantawa kamar mai zazzaɓi?"

"Taurari biyu ne, Habboba, soja sunka harba sama don gwaji. Suna hango zafin wutar sarukh, su gaya ma na ƙasa."

"Su ka kakkaɓo shi?"

"A'a, gani kawai."

"To ai aikina ne sunka sace. Don mi biyu?"

Na koma latsa waya ina laluben amsa.

"Kai, na yi asarar miji! Ni daga nan ina ganin tsuntsaye tahe, amma ban san nisansu ba. Kawunka yana ganinsu ta gefe. Inda hannuna da nashi sunka nuna, nan ubanka ka sakin dutse."

Ranar musabaƙa na hau dandamali, na buɗe baki, hadda ta gudu fit! Wani ustaz cikin alƙalai yana duba agogo. Sai na ce a ba ni kujeru biyu. Na ɗora abokaina a kai, ɗaya nan ɗaya can, na cilla hulata sama a matsayin sarukh, sunka bi ta da yatsa. Na zuba bayanin gonarmu tiryan-tiryan, rabi Larabci rabi Hausa.

Babban alƙali ya gyara tabarau. "Ya zol, kai saurayi, a wane littafi ka samo wanga?"

"Wajen Habbobata, ya ustaz."

Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Da anka kira sunana na yi tsalle har takalmina ya fice.

Tun ran nan na gane: karatun da ba ka iya faɗa ma tsohuwar gidanku ta kama, kai ma ba ka kama shi ba, haddacewa kawai ka yi. Don Allah ku tura ma duk ɗalibin da kunka sani.