Kafar da Na Toshe a Ɗakin Inna

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da abin nan ya faru ni matashin ɗan kasuwar albasa ne a Wurno, mai ji da kansa, irin wanda ya leƙa birni ya dawo yana ganin komai na gidansu tsohon yayi ne. Shekarar da albasa ta yi mini kyau, na ce Inna, mahaifiyata, ita za ta fara shan daɗin. Ɗakinta na da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin ɗari, da wata kafa can sama kusa da rufi. Na sa aka rushe gadon, aka shimfiɗa tayil, aka sa silin da tagar gilashi. Kafar nan kuwa ni da hannuna na cusa mata siminti. Na sayo hita daga Sakkwato na jona mata. Inna ta yi ta sa albarka, ta dai tambaye ni ko wutar lantarkin ta yi mini alkawarin zama. Dariya kawai na yi.

Sanyi na kankama taransifomar unguwarmu ta ƙone, hita ta zama ado. Duk wanda ke kusa da fadama ya san ɗarin nan, ga Inna da sanyin ƙashi, ga tayil ba ya takuwa. Sai na koma ga kasko da gawayi. Kowace yamma matata ta hura, in kai ɗakin, in ja ƙofa ruf. To Inna na da kyanwa da ta yi shekaru tana kwana a ƙafafunta. Tun da kasko ya shiga ta ƙi zama, sai yakushin ƙofa da kuka, har Inna ta tashi ta buɗe mata, ta bar ƙofar a ɗan buɗe don ta dawo. Da safe in tarar ɗakin ya huce, Inna na ƙorafin ciwon kai. Ni sarkin wayo sai na yanke hukunci: iskar da ke shiga ce ke sa ciwon kan, kyanwa kuma ita ce mai laifi. Ranar kasuwar Goronyo na sa ta a buhu, na bar ta wurin wani abokina.

Washegari Inna, wadda ke riga kowa alwala, ba ta fito ba. Matata ta kai mata kunu, sai na ji ta saki kwanon tana salati. Mun same ta kwance dab da ƙofa, ta yi amai, ba ta motsi. Ni kaina da na sunkuya ɗaukarta sai da jiri ya kwashe ni. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A asibiti likita ya ce gawayi ko ba ya hayaƙi yana fitar da guba marar wari, in ɗaki a rufe yake mutum sai dai ya zarce daga barci. Ya tambaye ni ko ɗakin ba shi da wata kafa. Na sunkuyar da kai.

Allah Ya yi da sauran kwananta, bayan azahar ta buɗe ido. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ta tambayi kyanwarta, ta ce, “Ina mussata? Mi tay yi maka?” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin a sallamo ta na ɗauki guduma na fasa kafar, sabon fenti da komai, na je Goronyo na ɗauko kyanwar, wannan karon a gaban mota. Yau a gidana doka ce: ana ɗumama ɗaki da kasko ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da shi waje, a ƙara bargo. Har yanzu ina son gyara da abin zamani, ban kuma fasa ba, amma na daina toshe abin da ban tambayi amfaninsa ba. Jama'a, ɗari na tafe, wuta kuma ba ta da tabbas. Kada ku rufe ɗaki a kan gawayi, kada ku raina ciwon kan safiya. Ba kowace uwa ke da kyanwar da za ta tashe ta buɗe ƙofa ba, tawa ma ni na ɗauke mata ita.