Kwabban da Gwaggo Ta Wanke

Ban riƙe littafin rubutu a wannan tafiya ba, sai da muka dawo da mako uku na zauna rubutawa. Mai yiwuwa wasu abubuwan sun cuɗe a kaina. Inda nake shakka zan nuna.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ɗan kawuna mai fataucin atamfa, wanda ya saba da hanyar Gana. A jakata akwai gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗin zamanin Turawa da kakanmu ya bari: kwabbai masu huji, aninai da 'yan sulalla. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke ajiye da su. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, likita ya ce sai an yi aiki. Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana, ya rubuto cewa Turawa na sayen irin waɗannan kuɗi da tsada a can, muddin an rufe kowanne a gidan roba an manna masa takardar daraja. Aka ce ni zan je, tunda na yi jami'a. Na yi ta bayanin cewa ilimin ƙasa na karanta, ba wanda ya saurare ni.

Kafin mu tashi, Gwaggo ta yi kwana uku da toka da lemon tsami da soso tana goge su ɗaya bayan ɗaya, har suka yi ƙyalli kamar kwanukan jere. Ta ce ba a kai kaya kasuwa da datti. Na yaba mata, har na taya ta shanya su a tabarma.

Ta Legas muka bi, muka ratsa Kwatano da Lome. A kowace iyaka sai an girgiza gwangwanin an tambaye ni. Wani ma'aikaci a Aflawo, iyakar Gana, ya tambaya ko duba nake yi da su. Da na canja nairata aka ba ni damin sidi, na ɗauka na yi arziki, sai da na sayi wake da shinkafa a ganye na ga yadda damin ke ramewa.

A Nima ɗan'uwan namu ya sauke mu. Koko da ƙosansu na safe ba abin kushewa ba ne, sai dai citta ta yi yawa. Hausarsu gauraye take da yaren Ashanti da Turanci, amma ana fahimtar juna, kuma suna girmama baƙon da ya fito daga Kano fiye da yadda ya cancanta.

Kashegari muka shiga tirotiro, wato ƙaramar bas ɗinsu, zuwa unguwar Kokomlemle wajen wani dillali da aka ce shi ke samar da robar da takardar. Shagonsa na tsakanin maɗaba'u biyu, ko'ina warin tawada. Ban ce wannan hujja ce ba, amma na lura. Ya ɗauko kwabbai biyu iri ɗaya, shekara ɗaya. Ɗaya tsirara, ɗaya a roba da 'yar takarda mai ruwan zinariya, an rubuta da Turanci wai zaɓaɓɓe ne na musamman. Ya ce na robar ya ninka ɗan'uwansa sau goma, ko ashirin ya ce, na manta.

“Masa,” in ji shi, wato maigida a bakinsu, “takarda ne kuɗi, ba kwabo ba.”

Ya zazzage namu a tebur, ya ce duka lamba ɗaya za su samu, in duba yadda suke walƙiya. Sharaɗinsa shi ne in bar masa su wata uku ya aika wa wani kamfani a Amurka, in kuma biya ladan aiki tun yanzu. Na nemi adireshin kamfanin, ya nuna mini wani ambulan yana danne kusurwarsa da babban yatsa. Ina jin kuma na ga busasshen gam a gefen wata roba, ko da yake hasken shagon ba shi da kyau. Na ce zan yi shawara. Ɗan kawuna ya ce tsorona ya yi yawa, da ni ke fatauci da har yau ban sayar da turmi ɗaya ba.

Wani maƙwabcin mai masaukinmu ya ce in fara ganin wani dattijo a Mamobi, ƙetaren babbar kwatar da ta raba ta da Nima. Mahaifinsa sojan Turawa ne daga ƙasar Katsina, shi kuma ya tsufa yana sayar wa baƙi duwatsun ado da tsofaffin kuɗi. Ya ɗauki kwabo guda, ya sa gilashi mai ƙara girma, ya duba shi ciki da bai.

“Wa ya wanke su, ɗana?”

“Gwaggona ce, Baba.”

“Allah ya ba ta ladan niyyarta.”

Ya miƙo mini gilashin. Fuskar kwabon duk zane ne sirara, sawun toka. Ya ce masu tara kuɗi baƙin tsufan nan suke saye, wanda aka goge kuwa ya zama ƙarfe kawai. Na tambaye shi batun takardar. Ya ce akwai ta gaske, ya taɓa ganin biyu a hannun wani Bature, kuma tana da amfani ga mai saye daga nesa da ke son shaidar cewa kuɗin ba jabu ba ne. Amma ruwan zinariya da kirarin na musamman, farashi kawai suke ƙarawa. In aka fasa robar, kwabo ne zai rage a hannu. Kuma mai tantancewa na gaskiya, in ya ga namu, abin da zai fara rubutawa shi ne an goge.

Yana mayar da su sai ya ga wani sule baƙi ƙirin manne a gindin gwangwanin. Idon Gwaggo ne ya tsallake shi. Ya taya shi fiye da yadda ya taya sauran gaba ɗaya. Nan zuciyata ta raya mini wani abu: ko ya kushe sauran ne don in saki wannan da araha? Na karɓi abina na koma Kokomlemle da shi kaɗai. Dillalin ya juya shi, ya ce in je in wanke shi da toka tukuna, sannan zai samu lamba ɗaya. Ban ƙara zama ba.

Na sayar wa dattijon sulen, bayan na yi kwana biyu ina jinkiri. Har yanzu ban san ko ya cuce ni ba. Sauran na dawo da su, don ban ga dalilin barin amanar gida a hannun mutumin da ke ɓoye adireshi da yatsa ba.

Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, takarda tana iya shaida abin da ke cikin kuɗi, amma ba ta saka masa abin da babu, ba ta kuma mayar da abin da soso ya kwashe.

Muka iso Kano ranar Laraba. Kuɗin sulen bai kai na aikin ido ba, ya dai rage nisa. Gwaggo ta tambayi wanne ne ya yi wannan daraja, na ce wani baƙi ne da ya maƙale a ƙasa. Ta tafa hannu ta ce kaico, da ta gan shi ta wanke, da ya fi haka. Ta ce in miƙo mata gwangwanin, sauran ma sun fara dusashewa a hanya. Na miƙa mata. Har yau ban gaya mata ba.

Duk wanda ya san harkar nan a Nima ko Mamobi, ko ya taɓa riƙe takardar gaske a hannunsa, don Allah ya rubuto ya gyara mini. In dattijon nan ne ya yi kuskure game da gogewar, ba wanda zai kai ni murna.