Gwaggo Fuatino Ta Bi Sawun Nonu

Gwaggona Fuatino ta fi shekara arba'in tana tausa a ƙauyenmu da ke tsibirin Savai'i, kuma bishiyar nonu da ke bayan ɗakin girkinta ita ce rabin sana'arta. In maruru ya fito wa mutum, ganyen take gasawa, ta shafe shi da man kwakwa ta ɗaure. Saiwar kuma ta kankare ta yi rini. 'Ya'yan ne ba ta cika bi ta kansu ba, don in sun nuna sun faɗo, aladu kaɗai ke jure warinsu.

Wata shekara sai mota ta fara shigowa duk Laraba tana sayen 'ya'yan buhu-buhu. Kowa ya shiga tsinta, har da Gwaggo, amma abin ya tsaya mata a rai. Ta tambayi direban, ya ce a wani kamfani da ke Apia, babban birni, ake matsewa a kai ƙasashen waje a sha. Ta ce da son ransu suke sha? Ya ce shi dai tuƙi ya sani.

Lokacin ina koyarwa, ana hutu, sai ta ce in raka ta. Muka hau jirgin fito, ita da ba ta taka Apia ba tun bikin ƙanwarta.

A kamfanin, wata mai kula da ma'aikata da ake kira Malaea ta zaga da mu. Ga durorin roba jere, nonu na kwance a ciki wata biyu yana tsatsafo da baƙin ruwa. Gwaggo ba ta bar murfi ko ɗaya ba ta ɗaga ba. Kwana nawa? Me ya sa ba a sa gishiri? Da aka ba ta ta kurɓa, ta daɗe tana juya shi a baki.

"'Yata, masu shan nan, kafin su sha suke ciwo, ko bayan sun sha?"

Malaea ta yi dariya har da riƙe ciki.

A wajen injin tafasa Gwaggo ta hango wani magidanci, Alapati, wuyansa a karkace saboda maruru. Ta ce masa yana wuni cikin magani yana yawo da wannan abu?

"Mama, mu ruwa muke matsewa. Ganyen sharewa muke yi."

Ta tsamo ganye uku daga shara, ta wanke, ta ɗora kan bututu mai zafi har suka yi laushi, ta ɗaure masa. Bayan mako Malaea ta aiko da saƙo cewa marurun ya fashe, ta haɗo da duro guda kyauta.

Jiƙon nonun da Gwaggo ta fara yi a duron, fumfuna ta cinye shi. Na biyu ya yi, ta raba wa tsofaffin coci a kwalabe. Yanzu duk Lahadi bayan sujada takan tare su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa, tana tambayar me suka ji a gwiwa, me suka ji a ciki, ni kuma ina rubuta mata.