Baƙuwar Laraba ba ta wuce falo

A gidanmu na unguwar Ogui, can ƙasar Ibo, baƙo ba ya wuce falo. Ko waye shi, nan zai zauna, a kawo masa ruwa, a gaisa, ya kama gabansa. Dokar Baba ce, da ita ya taho daga Kano tun kafin a haife mu.

Yayana tela ne a unguwar Coal Camp. Da salla har Ibo layi suke yi a shagonsa. Sai ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Ba duka, ba zagi, ɗaki kawai ya shige ya ja ƙofa. Maganin asibiti ya kashe muryoyin da yake ji, amma bai tashe shi daga katifa ba. Wanka sai an yi da gaske, abinci ya bushe a kwano, keken ɗinkin da aka ɗauko masa daga shago a okada, wato acaɓa, yana lungu an lulluɓe shi da zani.

Asibitin ne suka haɗa mu da wata ma'aikaciya a Arewa, don tun da ya kwanta Yaya ya daina amsa kowane yare sai Hausa. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta ta mayar da irinsu kan harkar yau da kullum: wanka, fita, sana'a. Duk Laraba za ta kira ta bidiyo, ni ce mai riƙe waya. Burinmu ɗaya, ni da ita, Yaya ya koma kan kekensa.

To, Baba ya ce baƙuwa ce. Kafin ta kira sai a tasa Yaya gaba ya yi wanka, a sa masa shaddar Juma'a da hula, a fesa turare, a zaunar da shi a kujerar Baba kamar ango.

"Malam, yaya jiki?" in ji ta.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Me zai ce, mahaifinsa na zaune a gefe? Bahaushe ko a bakin kabari yake, da sauƙi zai ce maka.

Matar nan ta yi iya yinta, wallahi. Ta ce tana so ta ga inda yake kwana, ta ga keken, ko zare ya zura tana kallo. Baba ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ɗakin samari ne." Rannan na miƙe da wayar zan nufi ɗakin.

"Ke! Ajiye. Asirin ɗana za ki tona a idon duniya?"

Na ce, "Baba, magani fa muke nema." Ya ce wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. Haushi ya hana ni cin abinci ranar. Na tura mata saƙo a ɓoye, ta ce ta gane, amma ba ta da ikon shiga inda masu gida da shi kansa mara lafiyar ba su yarda ba. Da ta tambayi Yaya, sai ya dubi Baba, ya ce falon ma ya isa.

Haka aka yi ta yi har wa'adin da aka ɗibar mana ya ƙare. Akwai wasu a layi, kuma abin da waya ta nuna mutum ne tsaf mai cewa da sauƙi. Baba ya yi mata godiya mai tsawo, har da addu'ar Allah ya kai ta Makka.

Zanin yana nan a kan keken. Na daina ɗagawa, don tsatsar da nake gani tana sa ni kuka. Ban ga ranar da zai koma shago ba, gaskiya, na daina yaudarar kaina.

Abin da ya rage shi ne Laraba. Ba wanda ke tashinsa yanzu. Da kansa yake wanka, ya sa shaddar, ya zo falo ya zauna, hannuwa a kan gwiwa. Jiya ma ya zauna har aka kira la'asar, sannan ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, ko cajinki ne ya ƙare?"