Malam Lawal da Hannun Gem na Mamane

Ina cikin jirgin ƙasa na metro, na baro unguwar Al Nahda zan tafi ofis a wannan ƙasa ta Larabawa da muke ci-rani, wayar ƙanin matar maigidana a wurin aiki ta shigo. Ya ce, "Bashir, sai haƙuri. Malam Lawal ya cika da asuba." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Da na sauka a tasha sai da na kira waɗanda na san suna asibitin da yake kwance, ina tambayar kowa ko da idonsa ya gani. Bayan na kashe wayar na lura da abin da na yi: labarin rasuwarsa ma sai da na bi diddigi, yadda ya koya mini. A nan hawaye suka zo mini a gaban jama'a.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu yana unguwar Al Khabaisi. Mutum zai zo da abin da ya ƙirƙira, yana neman takardar da za ta hana kowa kwaikwayonsa. Hukuma ba ta ba da takardar nan sai abin ya zama sabo, wato ba a taɓa zana shi, ko sayar da shi, ko nuna shi a bainar jama'a ba, a ko'ina cikin duniya. Mu ne masu tonon abin da ya gabata kafin a shigar da buƙata. Ɓangaren Malam Lawal shi ne hannun gem, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga wasan bidiyo. Dattijo ne da furfura, bai damu da wasan ba ko kaɗan, amma kabad ɗinsa cike yake da tsofaffin hannuwa da ya tsinto a shagunan kasuwar Deira, duk ya kwance su ya ga cikinsu.

Ba zan yi masa ƙarya don ya rasu ba: Malam mutum ne mai zargi, kuma zama da shi akwai gajiya. Ba ya yarda da fassarar na'ura, sai ya zuba wa zanen ido da kansa. Ba ya yarda da kwanan watan da ke jikin takarda sai ya same shi a wani wurin. Ran da na fara kai masa rahoto na rubuta cewa babu irin wannan ƙira, ya tura mini abina ya ce, "Kada ka rubuta babu. Rubuta ban gani ba. Babu ta Allah ce." Idan baƙo ya shigo yana rantsuwa cewa abinsa sabo fil ne, Malam ba ya musu. Yakan gyara gilashi ya ce, "To, bari mu ga wanda ya riga ka."

Haka ya yi wa Mamane. Mamane mutumin Damagaram ne, yana aiki a wani shagon kago, na masu aika kaya ƙasashen waje, a Deira. Ƙaninsa Sanusi ya rasa hannun dama a hatsarin mota, ya koma gida can Damagaram ya daina fita, ya daina shiga cikin abokansa har wurin gem ɗin da yake matuƙar so. Mamane ya yi ta haɗa wayoyi da robobi a ɗakin hayarsu har ya ƙera masa hannun gem da ake bugawa da hannu ɗaya. Wani ya ba shi shawara ya yi wa abin rajista, ya zo mana da shi a leda.

Malam bai ko taɓa ledar ba. Ya ce, "Wa ya gani?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa, ko ba kowa sai abokai?"

Mamane ya sosa ƙeya. "Bon, na kai wa maigidana ya sa albarka."

"Da waya a hannunsa?"

Mamane ya rantse ba a ɗauki hoto ba. Rantsuwar ba ta ishi Malam ba. Ya ja ni muka shiga bas har Deira, ya zauna ya sha shayin mai shagon, ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, har sai da mutumin ya miƙa masa wayarsa ya duba da kansa. A hanya ya ce mini mutanenmu ba ɓarawo ke cinye su ba, neman albarka ne. A kai abu majalisa, wani ya ɗauki bidiyo ya watsa, shi ke nan abin ya zama tsoho, kuma mai shi ne ya tsufar da shi da hannunsa.

Daga nan ya kafa doka: ba za a aika wa Sanusi abin ba, ko hotonsa, sai an shigar da takarda. Ran Mamane ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Baba, don shi fa na yi. Kullum sai ya tambaye ni." Malam ya ce, "Shuwayya shuwayya, a bi a hankali. In ya riƙe shi yau, gobe duk unguwa ta gani."

Ana cikin haka Malam ya tono wani tsohon zane daga Japan. Maɓallan bayan nan da Mamane yake alfahari da su, waɗanda ake dannawa da ƙananan yatsu, ga su nan ɗaya bayan ɗaya, an zana su tun yana yaro. Mamane ya tare ni a bakin lif na hawa bene, idonsa ja. Ya ce shi bai yarda da tsohon nan ba. An hana shi nunawa, an hana shi aikawa, yanzu kuma an ce ba nasa ba ne. Wa ya sani ko so ake a sayar wa masu masana'anta a bayan idonsa? Maganar ta ƙona mini rai, na kai wa Malam ina huci. Wallahi dariya ya yi. Ya ce, "Madalla, yaro ya fara hankali. Ka ba shi kwafin yarjejeniyar sirrin da muka sa wa hannu, ka ce ya kai wa wanda ya yarda da shi ya karanta masa."

Da Mamane ya dawo, Malam ya ce ya ajiye bayani, ya buga wasan kawai a gabansa. Mamane ya maƙale wata 'yar jakar roba a hammata, mai igiya zuwa jikin hannun gem ɗin, ya kama tseren mota. In ya matse, motar ta ƙara gudu. In ya sassauta, ta lafa. Malam ya miƙe tsaye.

"Me kake yi da hammatarka?"

"Wannan? Ai ba komai ba ne, Baba. Kalangu ne kawai. Mahaifinmu makaɗin mahauta ne, da shi muka tashi."

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Sabo ne ya hana ka ganin sabo." Ya koma kujerarsa, ni kuma na gane jakar hammatar nan ce sabon abin da muke nema.

Kada a zaci daga nan ya saki jiki. Sai ma ya koma zargin shi kansa kalangun, wai mai duba takardun hukuma zai iya cewa matsa abu a hammata tsohuwar dabara ce. Ya ce mu faɗi kalangun da bakinmu a cikin takardar, mu bayyana inda abin Mamane ya bambanta da shi, kada wani ya tono mana shi daga baya. Muka bi kayan kiɗa, muka bi kayan asibiti na masu lalurar hannu. A lokacin ciwon ajali ya riga ya kama shi. Na je duba shi a asibiti, na same shi ya rame har na tsorata, na ce, "Malam, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi. Ka duba zane-zanen Koriya?" Na ce na duba. Ya ce in sake.

Ran da aka shigar da takardar na kai masa shaidar karɓa, ya sa na karanta masa, sannan ya karɓa ya kai kusa da idonsa. Ya ce, "Kalas, shi ke nan. Ka ce wa Mamane ya aika wa ƙaninsa. In yaron ya buga, ina so in gani da idona, ba labari ba."

Kayan suna hanya Allah ya karɓi abinsa. Muna zaman makoki a gidansa Mamane ya shigo, ya durƙusa ya gaida Hajiya Rabi, matar Malam. Sai ya miƙa mata waya. Bidiyon Sanusi ne a zaure, jakar roba a hammatarsa, abokansa sun kewaye shi suna ihu, shi kuma yana dariya har da kyakyatawa. Mamane ya ce, "Hajiya, shi ya ce yana son gani. Na makara." Ya ƙara da cewa ya taɓa zargin Baba da mugun abu, bai samu ya nemi gafararsa ba. Hajiya ta share ido ta ce, "Ya gaya mini. Ya ce a cikin duk masu zuwa ofis kai kaɗai ka burge shi."

Har yau hukuma ba ta ba da amsa ba, kuma ni ne zan karɓi duk tambayar da za ta biyo baya, ba tare da wanda zai ce mini in sake dubawa ba. Ina jin tsoron haka, ina kuma kewarsa.

Ya Allah, ga bawanka Lawal ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa dariyar yaron can ta Damagaram a mizaninsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙurin rashi, ka zama gatansu a wannan ƙasa ta baƙunta. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.